Jirgin ƙasa ya riga ya iso Maraɗi, amma a ɗakina

 Yau ba maganar farashin hatsi na zo da ita ba, ba kuma ta taki ba. Maganar jirgin ƙasa ce, sai dai ba irin wadda kuka saba ji ba.

Kowa a Maraɗi ya san zancen dogon da ake shimfiɗowa daga Kano, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya shigo mana, kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021. Mutanen Yamai kuma suna da nasu labarin: tasha an buɗe ta tun 2014, dogo ya kai Doso a farkon 2016, amma mai zuwa Doso har yau mota yake shiga. Shi ya sa abokaina ke yi mini ba'a, wai jirgina ne kaɗai ke tashi a kan lokaci a duk faɗin Nijar. Jirgin da kansa bai fi santimita 20 ba.

Wani ɗan uwanmu da ke aiki a Faransa ne ya aiko shi tsaraba ga ɗana. Na hannu ne, ƙirar Jouef, kai ɗaya da tarago huɗu da dogon da ake harhaɗawa ya yi da'ira. Wuta kaɗan yake ci, volt 12 da ke bi ta cikin ƙarafan dogon, har batirin pano ma yana tuƙa shi. Yaron ya yi kwana uku yana kallonsa yana zagaye a kan tabarma, ya gaji, ya koma ƙwallonsa. Ban ga laifinsa ba. Jirgin da ke zagaye a kan tabarma ba inda ya fito, ba inda za shi. Sai an ba shi gari da zai bari a baya, da gonar da zai ratsa, da bangon da zai ɓuya a bayansa ya sake ɓullowa, sannan ido ke yarda cewa tafiya ake yi.

A Turai wannan ba wasan yara ba ne kawai. Dattawa masu furfura suna da ƙungiyoyi a kai, kuma a birnin Hambug na Jamus akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, inda mutane ke biyan kuɗi su shiga kallon ƙasashe sukutum da aka ƙera ƙanana, jirage na ta kai da kawowa a ciki. Kamfanoni irin su Faller da Noch suna sayar da ƴan gidaje da itatuwa da ciyawar roba. A kwalin da aka aiko mana ma akwai tasha ta roba mai rufi a tsaye don ƙanƙara ta zame, da wasu itatuwa masu tsini da ban taɓa zama a inuwarsu ba. Ba kamfanin da ke yin rumbu. Ba mai yin zaure. Wanda ke son su sai ya yi da hannunsa.

Ni mushen lissafi ne a kwaleji, don haka abin da ya fara kama ni shi ne ma'auni. Na wannan jirgi ana kiran sa HO, ma'ana komai an rage shi sau 87. Tsakanin ƙarafan dogon milimita 16 da rabi ne. Ka ninka sau 87, ka samu mita ɗaya da milimita 435, daidai faɗin dogon da ke tahowa daga Kano. Akwai waɗanda suka fi shi ƙanƙanta, N sau 160, Z sau 220, amma waɗannan sai mai idon shaho. A HO, namiji mai tsawon mita ɗaya da santimita 74 yana komawa santimita 2 cif. Akuya kamar ƙwayar gujiya take. Faifan katakon da kafinta ya ɗora mini a kan ƙafafu, mita 2 da santimita 44 ne a tsawo, mita ɗaya da 22 a faɗi. A duniyar jirgin, mita 212 ke nan da mita 106. Hekta biyu da ɗan kai, gonar mutum ɗaya. Da zan yi Kano zuwa Maraɗi gaba ɗaya, sai na nemi teburin da ya wuce kilomita uku.

To a gonar mutum ɗaya me za ka sa, me za ka bari? Ina cikin wannan tunani maganar gidan kakanmu ta taso.

Gidan an gina shi ne bayan ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon gari mutane suka hauro tudu. Ginin ƙasa ne, zaure biyu, sassa uku. Daminar 2024 kowa ya san abin da ta yi: gidajen da suka zube a Maraɗi a ƙarshen watan Agusta, da tsohon masallacin Birni da ya rushe a Damagaram a farkon Satumba. Mu katangar baya ce ta tafi da ɗakin girki, Allah Ya kiyaye ba kowa a ciki. Magada suka zauna, Yaya ya kawo shawara a rushe, a yi shaguna na siminti a gaba, ɗakuna a baya. Ban yi gardama ba, har gobe kuma ba zan yi ba. Ginin ƙasa kamar dabba yake, kiwo yake so: yaɓe a kan kari, gyaran indararo kafin ruwan fari, leƙa rufi bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Mu da muka gaje shi kowa na can wurin neman abincinsa. Masu zuwa su ɗauki hoto da salula su ce kai, kada a taɓa wannan tarihi, ba su ne ke kwana ƙarƙashin azarar da gara ta ci ba. Abin da na roƙa kawai, a ba ni wata biyu in auna.

Na je da mitar awo da littafi, na kuma ɗauko wani tsohon magini wanda mahaifinsa ne ya gina gidan, shi kuma ya yi shekaru yana yi mana yaɓe. Da ya ga mitar sai ya yi dariya. Shi da kamu yake awo, da taki, da ido. A gidan nan aka yanke mini cibi, na yi rarrafe na yi gudu a cikinsa, amma sai a waɗannan makonni na gan shi. Ashe babu bango ko ɗaya da ya miƙe. Gindinsa kamu biyu, yana hawa yana sirancewa, har can sama bai cika kamu ɗaya ba, don ƙasa ba ta ɗaukar nauyin da ya fi gindinta. Babu kusurwa mai kaifi, duk hannu ya shafe su. Ɗakunan ciki matsattsu ne ba don rowa ba, sai don azara tana da iyakar tazarar da za ta ɗauka ba ta lanƙwashe ba. Zauren fari ne kaɗai ya yi faɗi, shi ma don an ɗaure shi da baka. Ƙofar zaure da ƙofar shiga gida ba sa kallon juna, don mai wucewa a titi kada idonsa ya faɗa tsakar gida. Indararo kuwa an yi shi dogo ne don ruwa ya zuba nesa da gindin bango.

Na tambaye shi zankwaye fa, ado ne kawai? Ya ce: "Ado ne, amma nauyinsu na danne kusurwa inda ruwa ya fi ci. Kuma in ka hau yaɓe, a ina za ka ɗaura igiya?" Da na nuna masa zanen da na yi a takarda, ya daɗe yana dubawa, ya ce: "Mushe, takarda ta ka ce, amma in ka zo gini kada ka miƙe bangon nan kamar na siminti. In ka miƙe shi, ba gidan Alhaji ka yi ba, gidan kaso ka yi."

Duk wanda ya ji ina gina gidan ƙasa ƙarami, abin da yake fara cewa shi ne ai da sauƙi, kwaɓa laka kawai. Laka ba ta yi. Tana bushewa tana tsagewa, kuma tsagar milimita ɗaya a wannan ma'auni ta kusa santimita 9, tsagar da hannu zai shige. Ma'auni ba ya yi wa kowa alfarma. Ƙwayar yashin da kake takawa ba ka ji, a kan teburin dutse ce da za ta fasa wa mutum kai. Saboda haka cikin bangon na farin abin nan ne mara nauyi da ake tokare firji da talabijin da shi a kwali. Da reza nake fere shi, gindi da kauri sama da siranta, in goge kusurwoyin da takardar gugar katako har su yi laushi. Sai yaɓe: garin ƙasa da farin gam ɗin kafinta da ruwa, kaurinsa kamar kunu, a shafa da ɗan yatsa, shafi biyu ko uku, kowane sai ya bushe. Gam mai warin fetur kada a kusanto da shi, narkar da farin abin yake yi.

Ƙasar yaɓen kuwa daga katangar da ta faɗi na ɗebo ta, bokiti guda. Kafin ta hau teburi sai da ta sha wahala. Na daka ta, na tankaɗe da rariya, na sake tankaɗewa da tsohon mayafi mai shara-shara har ta koma kamar hoda. Na soya ta a tsohon kasko don ƙwan ƙwari da irin ciyawa su mutu (uwargida ta tsaya a ƙofar madafa tana kallo, ba ta ce uffan ba, wanda ya fi magana ciwo). Sannan na bi ta da mayen ƙarfe da na ciro daga lasifikar mataccen rediyo. Wannan matakin kada wanda ya tsallake shi. Jar ƙasarmu tana da ɓurɓushin ƙarfe, injin jirgin kuma akwai mayen ƙarfe a cikinsa. Duk abin da ka bari, shi zai tsince maka, ya cushe. Abu na ƙarshe shi ne launi. Gam yana sa ƙasa ta yi duhu, hasken ɗaki kuma ba na rana ba ne, don haka nakan haɗa ta da toka kaɗan har sai ta yi hasken da bango ke yi in ka hango shi daga ƙarshen layi da hantsi. Wurin da aka taɓa shafa makuba a fuskar zaure, shi na bari da duhunsa.

Filin ƙasa duk haka ake yin sa: a barbaɗa garin a bushe, a fesa ruwa mai ɗigon sabulu don ya ratsa, a bi da gam da aka tsinka da ruwa, a bar shi kwana ɗaya. Tsakuwar ƙarƙashin dogo yashin Gulbi ne mai ɗan gwaɓi. Zana da jinkar rumbu, igiyar buhu na warware zare-zare. Jikin rumbun ƙasa irin na Adar, ƙwallon goriba ya ishe shi, har siffar ta zo daidai. Kwanon rufin makwabta, takardar alminiyon ce da na danna a jikin dogon ƙusa mai zare har ta yi layi-layi.

Itatuwa su suka fi cin lokaci, su ne kuma suka fi daɗi. Wayar wuta ake feɗewa, a murɗe siraran jan ƙarfen ciki su zama gindi, a rarraba su sama su zama rassa, a shafe da yaɓen nan, ganye kuma soson tsohuwar katifa ne da aka gurza aka rina. Amma kowane icce da halinsa. Kuka gindi ne kawai da ƴan yatsu. Goriba tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Dogon yaro dunƙule yake kamar lema. Gawo kuwa shi ne ya tilasta mini in zaɓi lokacin shekara, don kowane manomi ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Ka sa gero kore shar, ka sa gawo da ganye a tsakiyarsa, Bature zai tafa maka, amma yaron ƙauye ɗan shekara bakwai zai ce ƙarya ne. Na zaɓi kaka, bayan an gama girbi: kara a kwance, dammunan hatsi a kan amalanke, gawo ya fara tofo, sararin bangon baya kuma na shafa masa fari-fari na farkon hazo maimakon shuɗi. A jikin wannan bangon na jera wasu gidaje da na yi su rabin girman na gaba, sai ido ya ɗauka gari ya yi nisa.

Mutane ma sai da aka yi musu aiki. Waɗanda ake sayarwa, irin na kamfanin Preiser, Turawa ne da kwat da jakar hannu. Fenti, da ɗan yankin takarda mai laushi da aka jiƙa da gam, sai ga mai kwat ya koma Alhaji da babbar riga, matar da ke riƙe da lema ta koma mai tallan fura.

Akwai abin da mita ba ta iya aunawa, wato abin da ya riga ya ɓace tun kafin in zo. Rijiyar gidan an cike ta tun ina ƙarami, da aka jawo famfo. Yaya ya ce kusa da bishiyar lemo take. Wata yayarmu ta ce sam, bakin madafa. Gardama ta yi tsawo har a waya, sai na ɗauko Gwaggo a adaidaita, ita kaɗai ta rage cikin ƴaƴan kakanmu. Idonta ya yi rauni, don haka da yatsa ta bi gidan. Ta shiga ta zaure, ta karkata inda ake karkatawa, ba wanda ya nuna mata. Jirgin na ta zagayensa, sai ta ce: "Kai, kashe wanga abu, yana hana ni gani." Na kashe.

Ta dafa wani wuri bayan ɗakin kishiyar mahaifiyarta, ta ce nan rijiya take, su duka biyun ba su faɗi daidai ba. Daga nan ba ta tsaya ba. Nan aka haifi ubanku. Nan aka yi wa Inna wanka ranar da ta rasu. Nan ake ajiye buhunan gujiya har su kai rufi. Sai ta tambaye ni ina turken jakin Baba, ta nuna gefen zaure na biyu. Na rubuta. A nan ne ta ba mu labarin da ban taɓa ji ba, cewa kakanmu a fataucinsa na gujiya ya sha zuwa Kano, inda dogo ya iso tun 1911, ya ga dalar buhuna da jirgin da ke kwashe su, kuma duk dawowar da zai yi sai ya tara yara a zauren nan ya kwaikwayi kukan jirgin, yana cewa wata rana har ƙofar gida zai zo. Ta ce in kunna ta ji. Na kunna, ya fito daga bayan katangar baya, ya wuce ta gaban zaure. Ta ce: "Wanga ba shi da kuka." Gaskiyarta, ba shi da shi.

Wani abokina da ya san tarihi ya ce mini abin da na yi bai taɓa faruwa ba, dogo bai taɓa bi ta unguwarmu ba, ba kuma zai bi ba. Na sani. A cikin masu wannan sha'awa akwai masu kwafar wuri ɗaya tak yadda yake, har lambar tarago, akwai kuma masu haɗa abin da zuciyarsu ta so. A gidan ina cikin na farko, ko kamu ɗaya ban ƙara ba. A dogon ina cikin na biyu.

An rushe gidan bayan ƙaramar salla. Kwana biyu aka yi. Yanzu shaguna huɗu ne a wurin, ɗaya ana sayar da salula, kuma kuɗin hayar yana shiga gidajen da suke buƙatarsa. Yaya yakan biyo ta wurina jefi-jefi, ya ce wucewa yake yi, ya tsaya a bakin teburin ya daɗe. Rannan ya ce dakalin ƙofar gida ya fi haka gogewa a gefen dama, inda tsoho ke zama. Na ɗauko takardar guga na miƙa masa, shi ya goge da kansa.

Ga mai son gwadawa, abokan gaba biyu ne a ƙasar nan. Ƙura ita ce ta fari: da ta kwanta a kan dogo wuta ta daina ratsawa, jirgi ya yi ta tsayawa kamar tsohuwar mota, don haka sai an rufe teburin da zane, a riƙa goge ƙarafan da ƙyalle da ɗan alkol. Ta biyu gara. Ƙafafun teburina a cikin gwangwanaye suke, da baƙin mai a ciki. Zafi ma yana sa ƙarfe ya miƙe, sai a bar ƴar tazara kamar kaurin takarda a mahaɗar dogo.

Kuma ba sai kana da jirgi ba. Yaran unguwarmu masu yin motar kara da ta waya da ta gwangwani sun riga sun san rabin aikin nan, ma'auninsu a ido yake kamar na Baba magini. Sukan zo ranar Lahadi. Na ba su doka ɗaya: duk abin da za a ɗora a teburi sai an je an auna na gaskiya, an raba sau 87. Yanzu lissafin rabawa da na kasa sa wasunsu su so a aji, suna yin sa a ƙasa da tsinke. Amalanken da ke kan teburin wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ne ya yi shi da tsinken ashana, bayan ya bi mai amalanke har kasuwa yana roƙo a bar shi ya auna ƙafa. Ɗana ma ya dawo, shi ne mai kula da awaki.

Kusurwa ɗaya ta rage ba komai a kanta sai ƙasa, wurin tasha. Ta robar nan mai rufin ƙanƙara tana cikin kwalinta. Ina jiran ranar da za a bar mutane su shiga tashar Maraɗi ta gaskiya in je da mitata. Kafin nan ina da roƙo ga jama'ar Maraɗi da Damagaram da Tawa: duk mai tsohon hoton da ya nuna fuskar gidan ƙasa, ko wurin awon gujiya na da, ko rumbunan garinsu, ya taimaka ya turo ta wannan shafi. Wanda kuma gidansu ke tsaye har yanzu, in zai ɗauka, ya sa mutum ya tsaya a jikin bangon, ya faɗa mini tsawon mutumin. Da wannan kaɗai zan fitar da sauran awon.